Wai ya akai Rudolf na Habsburg ya tashi daga graf ya zama sarkin Jamus?

Ɗan_Gwale:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu karatun tarihi ku taimaka. Naji ance Rudolf ɗin nan da ya ɗaga gidan Habsburg ba ɗan sarki bane, graf ne kawai, wato kamar a ce hakimi mai ɗan yankinsa, to ta yaya ya tsallake manya ya hau a 1273? Kuɗi ne ko ƙarfin yaƙi?

Malam_Sa'idu:
Wa alaikumus salam. Ai ba ƙaramin graf bane yadda kake zato, yana da ƙasa sosai a Alsas (gabashin Faransa a yau) da arewacin Suwizalan ta yanzu, can ma gidan nasu na asali yake. Kuma ta wajen uwa ya ƙara ƙiba, mahaifiyarsa Heilwig ƴar gidan Kyburg ce, da kawunsa Hartmann ya mutu a 1264 bai bar ɗa namiji ba sai Rudolf ya kwashe mafi yawan ƙasar tun kafin sauran masu neman gado su farga. Su kuma masu zaɓen sarki, wato ƴan tsirarun manyan masu mulki da ke da ikon zaɓen sarkin Jamus, tsoron Ottokar sarkin Bohemiya suke don ya fi ƙarfin kowa, shi yasa suka ce gara wannan dattijon ɗan shekara 55 da suke ganin ba zai dame su ba.

Hajiya_Turai:
Malam ka bar babban abun fa, ƴaƴa mata! Mutumin nan shida ya aurar kuma ba wadda ya kai gidan banza, a shekarar da aka naɗa shi ya ba Ludwig na Bavariya Matilda ya ba Albrecht na Saksoni Agnes, kuma duk biyun suna cikin masu zaɓen, kaga surukai ne suka ɗora shi kenan. Wanda yafi bani mamaki wallahi, bayan an kashe Ottokar a yaƙin da ya gwabza da Rudolf a Marchfeld a 1278 sai Rudolf ya ɗauki ƴarsa Guta ya ba Wenzel ɗan marigayin, ɗansa Rudolf ƙarami kuma ya auri ƴar Ottokar ɗin. Ko ya yaran nan suka dinga kallon juna oho.

Malam_Sa'idu:
Haka ne Hajiya, na yarda. Amma auren nan na ƙarshe shi ya haifo Johann, wanda ya kashe baffansa sarki Albrecht, babban ɗan Rudolf tsoho (ba na Saksoni ba), a 1308 saboda yana ganin an danne masa gadon ubansa, tunda Ostiriya da tsohon ya ba ƴaƴansa biyu a 1282 daga baya Albrecht aka bar wa shi kaɗai.

Ɗan_Gwale:
Kai, baffansa fa! Nagode sosai. To da tsohon ya rasu a 1291 Albrecht ne ya gaje shi kai tsaye?

Hajiya_Turai:
Ina! Ƙi suka yi, suka ɗauko wani graf ɗin daban, Adolf na Nassau. Sai a 1298 Albrecht ya ci shi da yaƙi sannan ya hau.