Don Allah ku ba ni shawara: waƙar waya zan bayar ko ta situdiyo?

Mai Gurmi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya ɗaure. Ni tela ne a Wunti cikin garin Bauchi, gurmi kuwa wajen kawuna na gada. Shi ya ɗora min yatsa a kan tsirkiya tun ina firamare, Baba bai taɓa so ba, sai bayan rasuwar kawu ya sakar min mara. Aminina zai angwance Asabar mai zuwa, na yi masa waƙa. A daren da ta zo min na ɗauke ta da waya a zaurenmu na Jahun, sau ɗaya tak. Ana jin janareton maƙwabta, kuma a baiti na uku muryata ta karye da na ambaci marigayiya mahaifiyarsa. Na tura masa, ta zaga dangi. Ganin abin biki ne, na kai ta situdiyo, kwana uku ina maimaitawa. Aka sa fiyano, aka goge komai, ta fito tas. Ango ya ji ya ce ta yi kyau, bai ƙara ba. Yayarsa kuma ta aiko cewa ta farkon suke so ranar kamu. Ni kaina in na kwanta ita nake kunnawa. Wacce zan ba DJ?

Injiniyan Sauti: Ƙanena, ta situdiyo, babu wata magana. Abin da ya yi daɗi a kunnen mutum ɗaya daban, abin da za a sa a manyan sifiku daban. Janareton nan zai koma ruri. Kuma in a saƙon murya ka tura, WhatsApp ya riga ya matse ta.

Maman Yara: Ɗana, karyewar muryar nan ita ce waƙar. Marayu ne, uwarsu suka ji a ciki. Ni a bikin 'yata mun biya mawaƙi, ya kawo abin da in ka cire sunan amarya kowa ma zai iya sawa. Har yau raina bai huce ba, kuɗin ma bashi na ci.

Mai Gurmi: Yaya Injiniya, asalin fayil ɗin yana wayata, bai bi ta WhatsApp ba. Kuma ban yi kuskuren zuwa situdiyo ba, so nake a daina ce min mai kiɗan zaure.

Injiniyan Sauti: To ka gani. Matsalar hannun wanda ya yi maka aikin ce. Auto-Tune tun 1997 yake, aikinsa jan murya zuwa sautin fiyano mafi kusa, gurminka kuwa da kunne ka ɗaure shi, ba da fiyano ba. In aka ƙure shi dole lanƙwasar murya ta mutu. Sannan sun ɗora ka a kan bugun kwamfuta, wanda ba ya sauri ba ya jinkiri, alhali makaɗi in ya zo amshi zuciyarsa ce ke jan hannunsa. Ka koma a sake: gurmi da murya kawai, makirfo biyu.

Ɗan Azare: Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, gwangwanin kifi da fatar akuya, ya rasu a 2015 har gobe ana jin sa. Mu masu ɗinkin hula haka muke fama. Ka yi wata guda da allura, mai saye ya ɗauki ta inji don layinta ya fi miƙewa, sai ta kwana biyu a kansa ya dawo yana neman ta hannu a farashin ta inji.

Injiniyan Sauti: Malam, Ɗan Maraya shekaru ya yi yana goge hannunsa. Kada a ruɗi yaro ya ɗauka rashin gyara shi ne gwaninta.

Mai Gurmi: Sakewa ba za ta yiwu ba. Na gwada baitin nan sau da yawa a gabansu, muryar ba ta sake karyewa ba, kuma ba zan ƙirƙiri kuka ba. Ga ɗinkin ankon bikin ma ban gama ba.

Maman Yara: Shi angon da bakinsa wacce ya zaɓa? Kuma wa ya biya situdiyon?

Mai Gurmi: Mama, wannan dogon zance ne. Akwai wanda ya san yadda ake cire ƙarar janareto kaɗai ba a taɓa muryar ba?