Shugabar ɗakin majinyata ta iya aiki, amma ba ta iya magana da nas-nas ɗinta ba: ina mafita?

Assalamu alaikum manyanmu a aikin jinya. Akwai matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wani asibiti nan Sakkwato, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe ɗaki.

Gadaje 30 ne, nas biyu ke kwana. Shugabar ƙwararriya ce, ba a kama ta da kuskuren magani. Amma lokacin miƙa aiki da ƙarfe takwas na safe, a gaban 'yan jinya take tsawata wa wadda ta kwana a tsaye saboda ba ta rubuta zafin jikin gado ɗaya ba. Yanzu ƙananan nas-nas sun daina kawo rahoton kuskure, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin kuskuren allurar da aka ɓoye majinyaci yake ci. Neman canjin ɗaki ma ya yawaita.

An gwada taron wata-wata, kowa ya yi gum. An sa akwatin ƙorafi, ta gane rubutun hannu. An gyara jadawalin kwana, bai taɓa tushen ba, wato rashin kame fushi da rashin lura da gajiyar na ƙasa.

Wa ya kamata ya zauna da ita, metiron (wato babbar shugabar nas-nas ta asibitin) ko tsararta? Kuma yaya za a nuna mata illar ba tare da ta ɗauka an kai ƙararta ba, ta huce a kan yaran?