Wai wa ya sasanta Katolika da Furotesta a Arewacin Ireland?

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a, dan Allah masu karatun tarihi a taimaka min. Maƙocina na shago a Sabon Gari ɗan Katolika ne, muna hira yake ce min wai ko a ƙasar Turawa an yi kusan shekara talatin ana kashe-kashe tsakanin Katolika da Furotesta, a Arewacin Ireland. To ba duk Kiristoci ba ne, me ya haɗa su? Kuma wa ya raba faɗan, manya ne suka sa hannu a takarda shikenan ko kuwa mutanen unguwa ne suka gaji suka nemi juna?

Malam_Gwale:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maƙocinka gaskiya ya faɗa maka, amma fa ba a kan yadda ake ibada suka yi ta ba, rigimar mulki ce ta sa rigar addini. A 1921 aka raba tsibirin Ireland, gundumomi 6 na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya. A lokacin Furotesta su ne masu rinjaye a can kuma suna son zama da Landan, Katolika yawanci suna son a haɗe da sauran tsibirin. Shekara da shekaru Katolika suna kukan ana danne su wajen rabon gidajen gwamnati da aikin yi da shata mazaɓu, har garin Derry da suka fi yawa ba su ke riƙe da majalisar garin ba. A 1968 suka fara zanga-zangar neman haƙƙi, 1969 aka turo soja, daga nan abu ya ɓaci, ƙungiyoyin 'yan bindiga suka taso, IRA a ɓangaren Katolika, UVF da UDA a na Furotesta. Ran 30 ga Janairu 1972 sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry rana ɗaya. Kafin a gama an rasa rai wajen 3,500, a ƙasar da mutanenta gaba ɗaya ba su kai na birnin Kano ba, kaga kusan kowa ya san gidan da aka yi zaman makoki. Takardar sulhu kuma ran 10 ga Afrilu 1998 aka cimma ta, wani tsohon sanatan Amurka George Mitchell ya shugabanci zaman, 'yan siyasa John Hume daga ɓangaren Katolika da David Trimble daga na Furotesta suka samu kyautar Nobel a shekarar.

Maman_Ilham:
Malam an gaishe ka, amma ka tsallake mata kamar yadda kuka saba lol. A watan Agusta 1976 soja suka harbi wani ɗan IRA yana tuƙi a Belfast, motar ta ƙwace ta bi ta kan wata uwa da 'ya'yanta, yara uku suka rasu. Mairead Corrigan, 'yar'uwar uwar yaran, da wata mata Betty Williams suka fara tara mata, kafin ka ce me dubban mata daga unguwannin Katolika da na Furotesta sun fito titi tare, mutanen da wata ƙila tunda aka haife ta ba ta taɓa taka unguwar ɗayar ba duk da tafiyar ƙafa ce tsakani. Su ma sun ci Nobel. Sannan ni abin da ya fi burge ni makaranta, don can yaro tun yana ƙarami makarantar Katolika daban ta Furotesta daban, sai ya girma bai da aboki ko ɗaya daga can ɓangaren. Iyaye ne da kansu, ba gwamnati ba, suka buɗe Lagan College a 1981 da yara 28 kacal, aji ɗaya benci ɗaya. Akwai kuma Corrymeela da wani fasto Ray Davey ya kafa tun 1965 a bakin teku kusa da Ballycastle, shi fursunan yaƙi ne a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Dresden, sai ya yi wurin da za a kwashi iyalai daga ɓangarorin biyu su kwana su ci abinci tare su yi magana.

Injiniya_Sharaɗa:
Hajiya ki yi haƙuri ni dai ban yarda da wannan labarin mai daɗi ba. Matan nan sun fito 1976, yaushe aka daina? 1998. Shekara 22 ana ci gaba da binne mutane, ita ƙungiyar ma cikin 'yan shekaru ta yi sanyi. Abin da ya tsayar da faɗan shi ne masu bindiga sun gane babu mai cin nasara, aka ba kowa kujera a gwamnati, aka saki fursunoni, aka rushe tsohuwar rundunar 'yan sanda RUC a 2001 aka yi sabuwa aka dinga ɗaukar Katolika rabi har zuwa 2011. Adalci a rabo kenan ba shan shayi tare ba. Kuma wai an sasanta, je ki duba Belfast yau, katangun da aka fara ginawa 1969 tsakanin unguwar Falls ta Katolika da Shankill ta Furotesta suna nan tsaye, da ƙofofi da ake rufewa da dare. Makarantun haɗakar da kike yabo har yanzu ko yaro ɗaya cikin goma ba ya zuwa. A 2001, bayan sulhun fa, sai da 'yan sanda suka dinga raka 'yan mata 'yan firamare zuwa makarantar Katolika ta Holy Cross ana jifansu da zagi. Mu da muka ga yadda Kaduna ta rabu bayan rikicin 2000, kowa ya kwashi kayansa ya koma inda nasa suke, mun san shiru daban zaman lafiya daban.

Yakubu_NoMansLand:
Injiniya maganarka akwai gaskiya, amma tambaye ka, su masu bindigar wa ya kai su teburin? Lokacin babu ɗan siyasar da zai yarda a gan shi da Gerry Adams, shugaban Sinn Féin a lokacin, jam'iyyar da ke tare da IRA. Wani fada ne mai suna Alec Reid na cocin Clonard, wanda yake manne da katangar nan da ka ambata, shi ya dinga kai saƙo tsakanin Adams da Hume a ɓoye. A 1988 ma aka ɗauki hotonsa durƙushe yana yi wa wani sojan Birtaniya da IRA ta kashe addu'a, alhali shi mutanen IRA ɗin ne 'yan unguwarsa. Shi ya sa da aka zo 2005 IRA za ta lalata makamanta, shaidu biyun da aka kira su gani da ido su ne shi da wani faston Methodist, Harold Good. Ba a rana ɗaya mutum yake samun wannan yardar ba.

Ni a wurina abin da ya fi kama da namu shi ne maganar waya. A ƙarshen shekarun 1990 masu aikin unguwa a Belfast suka raba wa wasu mutane wayar salula a kowane gefen katanga, musamman lokacin faretin Furotesta na 12 ga Yuli da hankali ke tashi. In aka ce ga su can suna taruwa za su shigo, sai ka buga wa na can ɓangaren ya leƙa ya ce maka yara ne guda biyar ke jifa bari in kora su. Ni an haife ni a nan Kano, ina yaro aka yi rikicin 1991, na 2004 kuma da hankalina, kuma duk wanda ya gani ya san kafin wuta jita-jita ce ke fara zuwa, an ce an kashe wane a wuri kaza, kowa ya rufe shago ya ɗau sanda, babu wanda ya gani. Ko Imam Ashafa da Fasto Wuye na Kaduna ai da abokan gaba ne, shi faston hannu ya rasa a rikicin 1992, daga baya suka zo suna aiki tare.

Injiniya_Sharaɗa:
Maganar wayar na karɓa Oga Yakubu. Sauran dai ina nan a kan bakana, in babu adalci a aiki da gida ko waya ɗari ka raba a banza.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Amma duk wannan zirga-zirgar wa yake biya? Don nan da an ce taron zaman lafiya sai ka ga otal da ambulan, mai unguwa da matasan da ke bakin layi ba a ma gayyace su ba.

Malam_Gwale:
Kuɗi sun shiga sosai kam. Akwai asusun da gwamnatocin Birtaniya da Ireland suka kafa a 1986 wanda Amurka ta zuba wa kuɗi, sai Tarayyar Turai ta fara nata shirin a 1995, kuma kaso mai yawa ƙananan ƙungiyoyin unguwa aka ba, na mata da matasa da tsofaffin fursunoni. Su ma can an yi ƙorafin wasu sun mai da shi hanyar ci. Amma su Corrymeela da iyayen Lagan sun fara nasu ne tun kafin kuɗin su zo. Ka tambayi maƙocin naka ko lambar mai unguwarku tana wayarsa, kai ma ka karɓi ta fadansu.