Musayar waƙa: baftisma da sauraron Allah

Autan Zaure: Salama gare ku iyayena da yayyena. Ga damuwata a waƙe, amsa-amon "wa".

Ina jariri aka kai ni gaban Fada,
Sau uku ya zuba mini ruwa.
Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki,
Uwata ke ba ni labari, ni ba na tunawa.
Yau ga hanya biyu, aiki ko ƙarin karatu,
Ina ta addu'a, shiru, babu amsawa.

Katikis:

Ɗana, ruwa ka ambata ka tsaya,
Bari in ba ka sauran, akwai ƙaruwa.
An shafa maka man Kirisma mai tsarki a ka,
An sa maka farar riga sabuwa.
Mahaifinka ya kunna kyandir daga na Ista,
Aka ce a tsare hasken daga mutuwa.
Sai Fada ya taɓa kunnenka, sannan bakinka,
Yadda Yesu ya yi wa kurma har ya sami buɗewa.
Kunne ne farko, baki na biye,
Kai kuwa addu'arka duka faɗi ce, ina saurarawa?

Uwar Baftisma: Malam ya faɗi gaskiya, amma a sassauta wa yaro.

Sama'ila ma sau uku aka kira shi da dare,
Sau uku wurin firist Eli yake rugawa.
Bai san muryar ba sai da tsoho ya ce masa,
"Ka ce: Yi magana, bawanka na ji," ya koma kwantawa.
To ɗana, wane ne Eli naka?
Kar ka raina bakin babba wajen ganewa.
Monika ta yi shekaru tana kuka kan ɗanta Agustino,
Tana roƙo, shi kuwa yana ƙara nisantawa.
Sai a 387, daren Ista, a birnin Milan,
Hannun Bishop Ambrose ya yi masa baftisma da ruwa.
Jinkirin Allah ba ƙi ba ne, na gani da idona
Kan yaran da na tsaya wa, har suka kai girmawa.

Yayan Mawaƙa: Mama, in ƙara gargaɗi ɗaya, don abin yana damuna.

Ba duk muryar da ke cikin zuciya ce ta Allah ba,
Son rai ma ya iya sallama da gaisuwa.
Waliyyi Ignashiyus na Loyola, yana soja a 1521,
Harsashi ya karya ƙafarsa, ba tashi ba tsayawa.
Yana jinya ya lura da tunaninsa:
Na neman suna daɗi ne mai saurin gushewa,
Na bin Almasihu kuwa, ko ya wuce,
Salama yake bari mai daɗewa.
Ƙanena, kowane dare ka duba yininka haka,
Wanne ya bar ka a bushe, wanne da natsuwa?

Autan Zaure:

Yaya, na gwada awonka tun jiya,
Abin da ya fito ya sa ni firgitawa.
Hanyar da ke ba ni salama ita ce mai wuya,
Anya Allah zai tura ɗansa inda ake wahalawa?

Katikis:

Daga Kogin Urdun, bayan Yohanna ya yi wa Yesu baftisma,
Bayan murya ta ce "Ɗana ƙaunatacce" daga sama tana fitowa,
Ina Ruhu ya kai Yesu? Jeji,
Kwana 40 da yunwa da gwadawa.
Al'ada ta hana Bitrus shiga gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba,
Ya shiga, Ruhu ya sauko, aka kawo ruwa.
Ranar Lahadi bayan Mas ka tsaya ka ga Fada,
Ka shimfiɗa masa hanyoyin biyu, ba ɓoyewa.
Ka tafi da uban baftismarka in yana kusa,
Alkawari ya ɗauka kanka, lokaci ya yi na cikawa.

Autan Zaure: Na gode Baba, zan je. Ku sa ni a addu'a kafin Lahadi.