Tsohuwar ƙararrawar ƙofa da kugen tagulla da muryarsu ta dishe: me ke dawo da amo, me ke kashe shi?

Mai Tara Tagulla

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu riƙe da tsofaffin ƙararrawa, ina so mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa a kan matsala guda: kaya ya zo hannu jikinsa lafiya, amma murya ta tafi. Iri uku nake nufi. Akwai ƙararrawar ƙofa ta lantarki mai fallayen ƙarfe biyu ko mai dogayen bututu, irin ta NuTone da Rittenhouse na Amurka. Akwai kugen tagulla mai rataye a jikin katako, wanda manyan gidajen Ingila ke bugawa don kiran mutanen gida cin abinci a zamanin Sarauniya Biktoriya. Sai ƙananan ƙararrawa na ado. Don Allah a faɗi ta ina ake farawa, da kuma abin da bai kamata hannu ya taɓa ba.

Injiniyan Waya

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ta lantarki. Kafin a kwance komai, a gane yadda take aiki. A ciki akwai naɗin waya, a tsakiyarsa kuma ɗan sandan ƙarfe mai sifirin. Idan aka danna maɓallin ƙofa, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgi sandan ya bugi falle na farko. Da an saki, sifirin ya mayar da shi ya bugi na biyu. Amo biyun da ake ji ke nan. Na ƙofar baya an tare masa hanyar komawa, shi ya sa yake bugu ɗaya tak.

A fara daga maɓallin. Cire shi daga bango, ka haɗa wayoyinsa biyu na daƙiƙa ɗaya. Idan ƙararrawa ta buga da ƙarfi, maɓallin ne ya yi tsatsa, magana ta ƙare. Idan shiru, sa mitar auna wuta tsakanin wurin da aka rubuta Trans da wanda aka rubuta Front a jikin ƙararrawar yayin da wani ke riƙe da wayoyin a haɗe. Yawancin masu amo biyu bolt 16 suke so. In ka ga 10 ko 11, ƙaramar taransifomar da ke rage wa ƙararrawar wutar gida ta gaji, ko wayar ta yi tsawo da siranta har wuta na zubewa a hanya.

Idan wuta ta cika amma bugun ba ƙarfi, sandan ne ke maƙalewa. A nan mutane ke yin ɓarnar da ta fi kowace yawa: su ɗiga masa mai. Kada a sa masa mai kowane iri. A bushe aka ƙera shi ya yi aiki. Mai yana kama ƙura, bayan 'yan watanni ya zama danƙo ya riƙe sandan gam. Zare shi, ka goge shi da sifirit, ka tura auduga mai sifirit cikin ramin har ta fito fara, ka bari ya bushe. Tura shi da yatsa: ya kamata ya tafi ya dawo ba tare da ka ji ya goga komai ba.

Makanikin Agogo

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma akwai wurin da ake yawan tsallakewa. Wani lokaci bugun da ƙarfinsa, sai dai abin da ke fita "ƙwas" ne kawai, ba jan amo. To ba laifin wuta ba ne. Kowane fallen ƙarfe yana zaune a kan 'yan zobban roba guda biyu, kuma an huda shi ne a wajen kashi 22 cikin ɗari na tsawonsa daga kowane ƙarshe, domin nan ne ƙarfen ba ya rawa idan an buge shi. Roba mai shekara hamsin ko sittin ta zama kamar dutse, ko ta narke ta manne da fallen. Ko wanne ya faru, amo ya mutu. Canja zobban da sababbi masu taushi, kada ka matse, ya kasance fallen na ɗan motsi idan ka taɓa shi. Sannan duba ko wani ya taɓa shafa wa fallen fenti lokacin fentin bango. Fenti ko siririn shafi ɗaya ne yana cinye amo. A wanke shi da tina, kada a kankare da wuƙa.

Injiniyan Waya

Haka ne, Yaya. In ƙara gargaɗi biyu. Kayan Amurka an yi su ne don wuta mai bolt 120. Duk wanda ya jona tsohuwar taransifomarsu kai tsaye a wuta mai bolt 220 zuwa 240 zai ji ƙauri nan take. A sayi sabuwa wadda ta dace da wutar gidan, mai fitar da adadin da aka rubuta a jikin ƙararrawar, a bar ma'aikacin wuta ya haɗa ɓangaren babbar wutar. Masu amo takwas da ke rera kiɗan Westminster, wanda ya samo asali daga wani coci a garin Kambirij na Ingila a 1793, da yawansu suna da ɗan moto da ke juyawa yana buga bututun bi da bi. Irin wannan ya fi cin wuta, ƙaramar taransifoma ba za ta ja shi ba. Kuma moton da aka yi don wuta mai zagaye 60 a daƙiƙa, idan ya samu wuta mai zagaye 50, kiɗan zai ɗan yi nawa. Ba lalacewa ba ce, kada a buɗe ta saboda wannan.

Na biyu, idan ka ji ƙararrawa na gurnani a hankali ba wanda ya danna, kashe ta nan da nan. Ko maɓalli ya maƙale, ko an sa maɓalli mai fitila da ke barin wuta na bi kullum. An yi naɗin ne don ya ɗauki wuta na ɗan lokaci; in ya daɗe a kunne zai yi zafi ya ƙone.

Hajiya Mai Kayan Ado

Game da masu dogayen bututu, rataya ce rabin aikin. Dole akwatin ya zauna daidai a bango, a gwada da ma'aunin ruwa irin na magina, domin in ya karkata ko kaɗan, wani bututun zai jingina da sandan bugu, wani kuma ya yi masa nisa. Sandan ya buga ya koma, kada ya tsaya a jikin bututun. Igiyar ratayar ta zama zare mai ƙarfi, ba waya ba, kuma kada bututu ya taɓa bango ko ɗan'uwansa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga an yanke bututun don ya shiga wani lungu. Santimita 5 kacal daga bututu mai mita 1 yana ɗaga muryarsa da kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Dattijo Maƙeri

'Ya'yana, ku bar ni da kugen. Tagulla iri biyu ce, kuma sai an bambance. Akwai ta jan ƙarfe da tutiya, mai ruwan ɗorawa, tana da taushi, amonta gajere. Akwai ta jan ƙarfe da kuza, inda kuza ke kai kusan kashi 20 cikin ɗari. Ita ce ta ƙararrawa ta gaske, amonta na daɗewa, amma tana da gautsi. Da yawa daga kugen da ke gidajen Ingila daga ƙasar Bama (Myanmar ta yau) aka kawo farantin, aka yi masa katako a Ingila.

Kafin ka ce kuge ya tsage, cire shi daga katakonsa. Rataye shi da zare a yatsa, ka buga a hankali, ka kasa kunne. Sau da yawa zizar da ake ji daga ƙugiya mai lilo take, ko daga wani sukuru da ya saki a jikin katakon. Idan a yatsa ma yana ziza, ko amon ya yanke da wuri, haska fitila ta gefe ka bi bakin farantin da kewayen ramukan rataya biyu. Nan tsaga ke farawa, musamman idan an taɓa rataye shi da sarƙa ko waya, don ƙarfe na cin ƙarfe.

Idan tsagar ta tabbata, kada a kai wa mai walda. Zafin wuta yana canja taurin da maƙerin farko ya ba shi da guduma, tsagar za ta toshe amma muryar ba za ta dawo ba. Abin da ake yi shi ne a huda ɗan rami kamar milimita 2 daidai inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba, a rage bugunsa. Loɓawa kuma a bar ta. Tagullar kuza ba ta son guduma a sanyi, tana iya darewa a bugu ɗaya.

Rataya da igiyar auduga ko tsirkiya, a bar tazarar yatsu biyu tsakaninsa da katako ta kowane gefe. Gular bugu ta zama mai kai da aka naɗe da ulu aka rufe da fata mai laushi. Idan fatar ta cinye katako ya fito, a sake naɗewa kafin a sake bugu. Mai ƙullutu a tsakiya, a kan ƙullutun ake bugu. Shimfiɗaɗɗe kuma, ɗan ƙasa da tsakiya ya fi ba da cikakken amo.

Mai Tara Tagulla

Allah ya ƙara lafiya, Baba. To gogewa fa? Wasu na son ya riƙa ƙyalli kamar sabo.

Hajiya Mai Kayan Ado

Ni dai ba na goyon bayan ƙyalli a kan tsohon kuge. Wannan duhun mai ruwan ƙasa shekaru ne suka gina shi, yana kare ƙarfen, kuma masu saye na gaske shi suke nema. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulu mai laushi, tsumma mai taushi, a busar sarai, sannan a shafa kaki siriri. Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya, ya dace. Shafi ɗaya, a bari ya sha iska, a goge.

Kafin komai a sa maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma goge biyu ko uku masu ƙarfi za su fito da farin ƙarfen. Haka kayan da aka buga wa tambarin haruffan EPNS: azurfar da ke kai siririn rufi ce.

Makanikin Agogo

Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Bututun ƙararrawar ƙofa da ƙyallinsu suka fito daga kamfani, an rufe su da siririn banish. Idan banish ɗin ya fashe ya bar dabbare-dabbare, barinsa haka ba adana tarihi ba ne. A cire shi duka da asiton a wuri mai iska, a goge bututun ta tsawonsa, a sake rufewa. Amma na yarda da ke a kan kuge. Kuma man goge tagulla irin Brasso yana da amoniya, wadda ke iya tsaga siririyar tagulla da aka lanƙwasa, ga farin saura da yake bari cikin zane. In an yi amfani da shi, a bi da tsohon buroshin haƙori a fitar da sauran duka.

Haɗin gishiri da ruwan tsami da ake yaɗawa kuwa, a guje shi. Tsamin na janye tutiya ya bar tabo ja-ja, gishirin kuma shi ke haifar da ciwon tagulla.

Dattijo Maƙeri

Wannan ciwon a san shi da kyau. Kore mai santsi da ya kama jiki ba matsala ba ne. Kore mai haske, mai gari, wanda kan fito kamar ƙuraje, in ka share ya dawo bayan mako biyu, shi ne mugun. Yana huda ƙarfe. A ware kayan, a cire garin da tsinken katako, a ajiye a busasshen wuri, danshin iska ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, kuma kada a rufe shi da kaki tun yana aiki.

Kafintan Tsohon Kaya

Katakon ma yana da nasa. Idan ka ga ƙananan ramuka, shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashi na mako biyu. Sabon gari mai haske ya zuba, ƙwaron na raye. Cire farantin da duk ƙarfen da zai ciru, naɗe katakon cikin leda ka fitar da iska, sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili na mako guda. Da ka fitar, bar shi cikin ledar kwana ɗaya ko biyu har ya koma daidai, don raɓa ta kwanta a kan leda, ba a kan katako ba. Gaɓar da ta saki a haɗa ta da gam ɗin fata, wanda ruwan ɗumi ke sakinsa in an so gyara nan gaba. Gam mai haɗi biyu in ya kama, sai dai katakon ya karye.

Wajen gane shekaru, juya kayan ka duba ƙasa. Alamar rajista mai siffar lu'ulu'u ta Ingila daga 1842 zuwa 1883 aka yi amfani da ita. Daga 1884 sai "Rd No" da lamba. Sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai daga shekarun 1930, don haka in ka gan shi a kayan da aka ce na zamanin Biktoriya ne, ko an yi gyara daga baya, ko kayan bai kai shekarun da aka faɗa ba. Kwance ɗaya ka leƙa ramin: idan akwai tsohon rami mafi faɗi a ƙarƙashi, gyara ne.