Yarona yana CE1 amma hadda kawai yake yi, mi zan yi mishi a gida?

Uwar_Ukku_Tawa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Don Allah shawara nike nema wajen iyaye da malaman lakwal da ke nan. Ni a Tawa nike zaune, ɗiyana ukku, babban yana CE1 bana, wato aji ukku na firamare, mai bi mishi tana CI, ajin farko, autan bai kai ba tukuna. Babansu yana Abijan wajen bida sai shekara ta zagayo yake leƙowa, to komi na lakwal ɗinsu a kaina yake, ni kuma CM1 na tsaya, faransancin da na sani duk ya tahi sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Abin da ya tada mini hankali, in yaron ya buɗe littafinshi sai ya riƙa zubo karatu tiryan-tiryan ba tsayawa ina ta jin daɗi. Rannan ƙanen mijina da ke lise ya zo gida ya ɗauki bik ya rubuta mishi kalma guda a bayan kaye, kalmar ma tana cikin shafin da ya gama karantawa yanzun nan, wallahi yaron nan ya yi ta kallonta ya kasa. Ashe duk hadda ce. Kuma mwayen ɗinshi, wato makin da yake samu a jarabawa, ba laifi, bai taɓa maimaita aji ba. To don Allah mi ya kamata a ce yaro na CE1 ya iya? Kuma ni da ba ni da faransanci akwai abin da zan iya yi mishi ko dole sai na ɗauki mushen gida? Don gaskiya kuɗin da babansu ke aikowa da ƙyar suke kai mu ƙarshen wata.

Mushe_na_CE ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kin gano abin da wuri, da yawa sai yaro ya kai CM2 ana maganar CFEPD, jarabawar ƙarshen firamare, sannan suke farga, tun da an dawo da ita a 2024 bayan shekarun da aka yi ba a yinta.

Bari in ɗan yi miki bayanin yadda tsarin yake. Firamare shekara shida ce, bibbiyu bibbiyu. CI da CP nan ne ake aza tushe, yaro ya ji faransanci a kunne ya fara faɗi, ya san haruffa da ƙarar kowane, ya iya haɗa su, b da a ba, l da i li, ya iya ƙirga da tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi. CE1 da CE2 ana ɗauka cewa ya riga ya iya haɗa baƙi, sai a shiga karanta ɗan labari a tambaye shi abin da ya fahimta, ga dikte, ga tarawa mai ajiye, ga tabul na sau. CM1 da CM2 kuma sai rabawa da lissafin matsala da tarihi da labarin ƙasa da rubuta ɗan insha'i. To kin ga wanda ya baro CP bai iya haɗa baƙi ba, duk abin da za a ɗora mishi a sama hadda zai yi, don ba shi da wata dabara, kuma yaranmu akwai kaifin hadda.

Ba ɗanki kaɗai ba ne. Binciken PASEC na 2014, mai auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu faransanci, ya nuna a Nijar ƴan ƙarshen firamare da suka kai matsayin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. Kuma ni da ke cikin aji na san dalili, yara sun cika ɗaki maƙil, littafi guda yara da yawa ke leƙensa, wasu ajin na zana ne sai an gama damina an samu kara ake kafa su, karatu ya fara a makare. In na ce a maimaita bayana duk aji ya ɗauka da ƙarfi, wanda ya iya da wanda bai iya ba murya ɗaya ce, ba a gane su sai an kira yaro shi kaɗai.

Abin da za ki yi, tunda kin kai CM1 kin san haruffa, wannan ya isa. Ki ajiye littafin CE1 ɗin gefe na ɗan lokaci. Ki ɗauki ardwaz da alli ki rubuta harafi ɗaya ɗaya ba a jere ba, ki ware waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Daga nan ki koma haɗawa, ma mi mo, ta ti to, ki riƙa juya su kar ya san wanda ke zuwa. In ya kama wannan sai masu wuyar, irin su ou da on da an da ch da oi, nan ne yara da yawa ke maƙalewa. Minti goma sha biyar ko ashirin kullum ya fi awa biyu ranar lahadi. In kuma kun koma littafi ki sa ya aza yatsa ƙarƙashin kalmar da yake faɗi, wani lokaci ki ce ya fara daga layin ƙasa ya yi sama, mai hadda ba ya iya wannan. Ƙanwar ma ta zauna tare da ku, ita yanzu ne lokacinta. Kuma don Allah ban da bulala, yaron da ke tsoron duka cinta yake yi don ya tsira, ba ya tsayawa ya duba harafi.

Ɗan_Kasuwa_Wadata ya amsa:

Mushe ya gama magana kan karatu, ni lissafi zan taɓa. Ina Yamai, ban yi lakwal ba ko kwana ɗaya, allo kawai na yi, amma yarana ba wanda ya sha wuyar lissafi kuma ba wani sirri ba ne, aike ne da canji. Yaya ki lura da abu guda, mu a gida da kasuwa da dala muke ƙirga, lakwal kuma da faran suke. Yaro ya san dala ashirin sarai, ya san in ya sayi sukari na dala takwas za a maido mishi dala sha biyu, amma in an rubuta mishi 100 a cire 40 sai ya tsaya yana zare ido alhali abu ɗaya ne. To ni sai in ajiye kuɗin a tabarma in ce nawa ne wannan, ya ce dala goma, in ce to karanta abin da aka rubuta a jikinta, ya ce 50. Dala ɗaya 5, biyu 10, ukku 15, kin ga tabul na 5 kenan ya shiga kanshi bai ma sani ba. Jika guda 1000. Ki aike shi sayen tumatir ko gawayi, kafin ya fita ki tambaye shi canji nawa zai kawo, in ya dawo ya rubuta a ardwaz. Ƴaƴan goruba, duwatsu, ƙwayar wake, duk abin ƙirga ne, a kasa su kashi kashi na goma.

Maganar mushen gida kuwa ni ban hana ba amma na ga maƙwabta suna biya duk wata, saurayi ya zo ya yi ma yaro aikin gidan da hannunshi ya tafi, kaye ya yi kyau yaro yana nan inda yake.

Uwar_Ukku_Tawa ta amsa:

Mushe Allah shi saka da alheri, Alhaji na gode ƙwarai. Na gwada na haruffan da marece, ya san da yawa amma b da d da p suna rikita shi, kuma ou ɗin nan bai san ta ba sam. Matsalata lokaci, in ya taso lakwal ga makarantar allo, ga shi da dare wuta sai ta ga dama, kafin in gama tuwo ya yi barci.

Hajiya_AME ta amsa:

Ƴata sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin ƙungiyar uwaye ta lakwal ɗin unguwarmu nan Tawa, jikokina ne ke ciki yanzu. Kar ki jira dare, yaron da ya wuni tsakanin lakwal da allo ba abin da zai shiga kanshi bayan isha. Da sahe bayan sallah kafin ya sha kunu, ko ranar da ba lakwal, lokacin kai yana sake. Kuma kar ki fidda shi daga allo saboda wannan, wanda ya san ba da fataha ba ce, da kisira bi ce, ai ya riga ya san ana haɗa baƙi da wasali, ki nuna mishi nan ma haka ne sai dai daga hagu ake farawa.

Sannan ki tashi da ƙafarki ki je ki ga mushenshi. Mu mata muna jin nauyin shiga lakwal kamar wajen na masu faransanci ne, alhali malaman nan da hausa za su yi miki magana. Ki gaishe shi da mutunci, ki hwaɗa mishi abin da kika gani, ki roƙe shi ya maido yaron gaba in a baya yake zama, don wani yaron ba ya hangen tabulo ne ko kunnen ne bai ji sosai kuma ba wanda ya lura. In an kira taron iyaye ko na CGDES, kwamitin kula da lakwal, ki je, ko babansu ba ya nan ke kin isa.

Ita kuma ta CI ɗin ina roƙonki ki tsare mata lokacinta. Abin da nike gani kullum shi ne namiji ya dawo a ce ɗauki kayenka, mace ta dawo a ce ɗauki tulu, ko goyon ƙane, ko tiren talla, sai ta kai CE2 a ce ba ta da kai. Tana da kai, lokaci ne ba a ba ta ba. Kuma kar su fita da ciki wayam, ko ɗan ɗumame ne ko kunu su sa a ciki.

Bako_Yamai ya amsa:

Ni dai gaskiya tushen matsalar harshe ne. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai da bai taɓa jin faransanci a gida ba, rana ɗaya a ce ya koyi harshen kuma ya koyi karatu a cikinshi lokaci guda, yaya ba zai yi hadda ba? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram ana fara ma yara da hausa, ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, kuma a 2025 an ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa. Inna shawarata ki rubuta mishi kalmomin hausa ma, tuwo, rago, kaka, sunanshi da na ƙanwarshi, don in ya haɗa baƙin ya ji kalmar da ya sani ta fito zai gane cewa rubutu magana ce. Ki yi musu tatsuniya da dare tunda ita ba ta buƙatar wuta, in kin gama ki tambaye su mi ya sa Gizo ya yi kaza, wa ya fara zuwa, su maida miki labarin da bakinsu. Irin tambayar da ake yi a CE kenan bayan an karanta labari.

Mushe_na_CE ya sake amsawa:

Bako na yarda da kai, sai dai Hajiya ki kula da wuri guda. Wasu haruffan ƙararsu a hausa daban take da ta faransanci, musamman u da e da c, to ki fara da kalmomin da ke da a da i da o, su ba su da rikici, sauran ki bari sai ya zauna sosai. Na b da d kuwa kar ki koya mishi su rana ɗaya, ki ba b kwanakinta yana rubuta ta a ƙasa da yatsa yana faɗin ƙararta, sai ta zauna sannan ki kawo d. Ƙanen mijin naki da ke lise in zai riƙa leƙowa ranar asabar ya saurari karatun faransancin ya gyara furuci, ba ki buƙatar biyan kowa yanzu. In an yi kwampozisiyo ta gaba ki karɓi kayen da kanki ki duba dikten, ki kawo mana nan irin kuren da ya yi mu ga inda za a sa gaba.