Masu ɗaukar hoton galaksi daga gida a Bauchi da Gombe, yaya kuke ƙarewa da hazo?

Baban Sadiya, Fadaman Mada, Bauchi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gwada ɗaukar hoton galaksi, wato tarin taurarin nan na can nesa da ke wajen namu tarin, daga cikin gidansa, ya ba mu labarin yadda ta kaya. Ni dai na gina ɗan ɗaki a bayan gida, mai walda ya yi min rufin kwano a kan tayoyi da ake turawa gefe, na zuba ginshiƙin siminti a tsakiya na ɗora teleskof, wato madubin hangen nesa, mai faɗin baki inci 6. Galaksin Andromeda ta fito, alhamdu lillahi, amma ita dama mai haske ce. Da na juya kan wasu galaksi biyu, M51 da M101, sai hoton ya fito fari fat, hannayen galaksin duk sun nutse. Ga kuma Tauraron Arewa, wanda ake saita teleskof da shi, katangar maƙwabci ta tare min shi. Me ya yi muku aiki?

Malamin Fizis, Tunfure, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Na tabbata cikin hunturu ka ɗauka. Ni ma haka na yi fama, har na fara zargin kyamarata, ashe lafiyarta ƙalau. Ƙurar hazo tana yi mana ɓarna biyu: tana rage ɗan hasken da ya taso daga galaksin, sannan tana kama hasken fitilun gari ta watsa shi ko'ina a sama. M101 kuwa haskenta a baje yake, da zarar sama ta ɗan yi fari sai ta ɓace. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in na ga rana ta faɗi jajir ba ta ƙona ido, ba na ma buɗe rufin ɗakin.

Lokacinmu na gaske shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa saukowar hazo, wato Oktoba da farkon Nuwamba. Damina ta wanke sama, gajimare ya ja baya. A daidai lokacin nan Andromeda tana hawa arewa har wajen digiri 59, ita kuma galaksin NGC 253, wadda ke nesan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 11, tana tsaye a kudu, kusan lokaci ɗaya suke kaiwa tsakiyar sama. Dare ɗaya sai ka raba musu. Sai dai ka yi shirin raɓa, don a Oktoba tana sauka a kan gilashi tun tsakar dare. Ni ɗan ɗamarar ɗumama gilashi nake naɗawa, mai aiki da fawa bank.

Injiniya, Gwallameji

Maganar Tauraron Arewa, Baban Sadiya, ba kai kaɗai ba ne. Bauchi da Gombe duk muna kan digiri 10 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa tauraron ba ya wuce digiri 10 a sama da ƙasa. Katanga, bishiyar darbejiya, tankin ruwa, kowanne ya isa ya rufe shi, ko an gan shi ma a cikin ƙura yake. Ni na daina nemansa. Manhajar NINA tana da hanyar saita mariƙi, wato na'urar da ke riƙe teleskof tana bin tafiyar taurari, da wurare uku a sama, ko ta ina ka samu fili. In ba ka da ita, manhajar PHD2 tana nuna maka yadda tauraro ke zamewa, kana murɗa kusoshi har ya tsaya. Tunda kana da ginshiƙi, sau ɗaya za ka sha wahalar, ka ɗaure ka bar shi.

Ginshiƙin nan ma ka yi dabara. A wurinmu sandar mariƙi kusan kwance take, lokacin da nake kan ƙafa uku ƙarfen da ke daidaita nauyin teleskof yakan daki ƙafar gaba. Abu ɗaya zan tambaya: ginshiƙin a haɗe yake da daɓen ɗakin? In haka ne, duk takun da ka yi sai ya shiga hoto. Nawa na bar rata tsakaninsu na cika da yashi.

Maman Khalil, Jekadafari, Gombe

Sannunku da ƙoƙari, yayyena. Ni ba ni da ɗaki ko ginshiƙi, Seestar S50 ce kawai, wata 'yar teleskof mai haɗe da kyamara, ina ajiye ta a tsakar gida bayan yara sun kwanta. Tana ɗaukar sakan 10, sakan 10, tana tarawa da kanta, ni ina kallo a waya. Abin da na koya shi ne bin kwanan wata. Daga wajen 25 ga watan Musulunci zuwa 4 ko 5 ga sabon wata, nan ne aikina. In farin wata ya yi, ko sama ta yi garau ba na wahalar da kaina da galaksi.

Da, in an ɗauke wuta a unguwa sai sama ta yi baƙi ƙirin, amma yanzu fitilun sola sun yi yawa, su kuwa kwana suke a kunne. Na je na gaida maƙwabciyata, na nuna mata Andromeda a wayata, na roƙe ta ko maigidanta zai ɗan sunkuyar da fitilarsu ta kalli ƙasa. Washegari aka gyara, har takan turo 'ya'yanta su leƙa.

Ɗan Kaltungo

Malamin Fizis, ranka ya daɗe, ban yarda a ce Oktoba kaɗai muke da shi ba. Yawancin galaksi a bazara suke fitowa, daga Maris zuwa Mayu, in muka nade hannu mun yi asarar su ke nan. Ni abin da nake jira shi ne ruwan farko. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, in gajimare ya yaye, samar nan tana yin kyau fiye da ta Oktoba ma a ganina. A irin wannan dare na samu Sombrero, M104, da baƙin layin ƙurar da ya ratsa tsakiyarta.

Kuma mu daina biye wa jerin Turawa ido rufe. M81 da M82 da suke yawan ɗauka, a wurinmu da ƙyar suke wuce digiri 30, cikin dattin sama. Mu kudu ce rabonmu. Centaurus A, mai nisan shekarar haske kusan miliyan 12, tana hawa mana wajen digiri 37 a Afrilu da Mayu, alhali mutumin Ingila ko Jamus ba ta ko leƙo masa. Ga M83 ita ma. Baban Sadiya, in katanga ta tare maka arewa, juya ka fuskanci kudu.

Malamin Fizis, Tunfure, Gombe

Gaskiyarka, ƙanena, na karɓa. Abin da ke kashe min gwiwa a bazara zafi ne. Idon kyamara in ya ɗau zafi sai hoto ya cika da yashi-yashi, a Afrilu kuwa ko ƙarfe 12 na dare bango na huci. Wanda ba shi da kyamara mai sanyaya kanta, lallai ya ɗauki hotunan duhu: ya rufe bakin teleskof, ya ɗauka da tsawon lokaci iri ɗaya, a cikin zafin daren nan dai, sai manhajar Siril ko DeepSkyStacker ta cire dattin. Duka biyun kyauta ne. A kuma buɗe rufin ɗaki tun magariba don madubi ya huce.

Sai haƙurin tarawa. Lissafin ba ya canzawa: in kana son tsabtar hoto ta ninka biyu, sai ka ninka lokacin ɗauka sau huɗu. Wanda ya tara awa ɗaya a kan M101 a cikin gari bai fara ba tukuna. Amfanin ɗakin da ka gina ke nan, yau ka tara kaɗan, gobe ka ɗora, kayan na nan inda ka bar su.

Baba Mai Ritaya, Dass

'Ya'yana, Allah Ya yi muku albarka. Ni idona ya yi rauni, jikana ne ke riƙe min kwamfuta, amma a nan gindin duwatsu har yanzu muna ganin Andromeda da ido, can arewa, kafin Kaza da 'Ya'yanta ta hau tsakiyar sama. Ina so ku riƙa tuna abin da kuke ɗauka. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya rubuta labarin Andromeda tun shekarar 964, ya kira ta ɗan gajimare. Sai a 1923 Edwin Hubble, da teleskof mai inci 100 a Amurka, ya gano wani tauraro a cikinta da ya ba shi damar auna nisanta, aka tabbatar ba a cikin tarinmu take ba. Hasken da ke faɗowa cikin kyamararku ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi. Duk ranar da jikana ya nuna min hoton, tasbihi nake yi.

Shawarata ɗaya: kafin ku fita bayan gari da dare da ƙarafa da wayoyi, ku fara gaida mai unguwa da 'yan sintiri, ku nuna musu kayan da rana.

Injiniya, Gwallameji

Amin, Baba, mun gode. Ƙarin bayani kan ƙura: kada kowa ya sa tsumma ko bakin riga a madubi, ƙurar hazo tana karce shi. A hura da ɗan famfon roba, a rufe da leda mai kauri, a toshe ƙasan ƙofar ɗakin. Ɗigon ƙurar da ya rage, hotunan fari ne maganinsa: a ɗaura farar riga a bakin teleskof da asuba a ɗauka, ba tare da an motsa kyamara ba.

Baban Sadiya, Fadaman Mada, Bauchi

Allah Ya saka da alheri. Injiniya, ginshiƙin a haɗe yake da daɓen, zan kira magini ya yanke kewayensa. M101 na ajiye ta sai ruwan farko. Ɗan Kaltungo, da inci 6 ɗin nan, sakan nawa kake ba Centaurus A a kowace ɗauka, kuma wajen ƙarfe nawa take fita daga saman rufin maƙwabta a wurinka?